Yadda muka sa FPGA ta tace mana hotunan gonakin rani a Katsina

Harkar noma ce ta kai ni ga FPGA, wato cif ɗin kwamfuta da kai ke tsara haɗin cikinsa daidai da aikinka. Muna so mu riƙa gano inda aka yi noman rani a kewayen madatsun ruwa na Jibiya da Ajiwa da Zobe, daga hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 waɗanda Turai ke bayarwa kyauta, wanda aka harba na farkonsa a 2015. Hoto guda ɗigo 10,980 ne a tsaye, 10,980 a kwance, kowane ɗigo kuma mita 10 ne a ƙasa. Ka ga sama da ɗigo miliyan 120 ke nan a launi ɗaya, mu kuwa biyu muke bukata: ja, da wani haske na gaba da ja wanda ido ba ya gani, amma ɗanyen ganye yana maido da shi sosai. Daga bambancin su biyun ake gane kore daga busasshiyar ƙasa.

Ba mu da ɗakin manyan kwamfutoci, ba mu da wutar da za ta riƙe shi ko da akwai. Abin da ke hannunmu wani ɗan allo ne, PYNQ-Z2, faɗinsa bai fi tafin hannun babba ba sosai. A tsakiyarsa akwai cif ɗin Zynq-7020 na kamfanin Xilinx, kamfanin da ya fito da FPGA ta farko a kasuwa a 1985, wanda AMD ta saye a 2022. Ɓangare ɗaya na cif ɗin furosesa ce ta ARM mai ƙwaƙwalwa biyu. Ɗaya ɓangaren kuwa, wato FPGA ɗin, fili ne na ƙananan ƙofofin lantarki da ba a riga an haɗa su ba. Kai za ka tsara yadda za su haɗu, ka loda tsarin, gobe in aikinka ya canza ka goge ka sake wani. A cikin filin akwai na'urorin ninka lamba 220 da ƙananan ma'adanai 140.

Da farko ɗalibin da muke aikin tare bai gamsu ba. Ya ce, "Malam, agogon wannan abu megahaz 100 muka sa masa, na laftof ɗina ya haura 3,000. Ta ina zai kamo ta?" Megahaz 100 na nufin agogon cif ɗin yana bugawa sau miliyan 100 a daƙiƙa. Tambayar tana kan hanya. Tun wajajen 2005 saurin agogon furosesa ya daina hauhawa kamar da saboda zafi, shi ya sa duk mai neman sauri yau sai ya nemi yin ayyuka da yawa a lokaci guda. FPGA ta ɗauki wannan hanya har ƙarshenta.

Ga yadda abin yake a aikinmu. Kafin a auna kore, sai an tace hoton, a gyara kowane ɗigo da maƙwabtansa, biyar a tsaye biyar a kwance, ninkawa 25 ke nan da tarawa. Furosesa za ta ɗauko umarni, ta ɗauko lamba, ta ninka, ta ajiye, ta koma. Mu kuwa sai muka jera na'urorin ninkawa 25 gefe da gefe, dukkansu suna aiki a bugun agogo ɗaya, bayansu matakan tarawa suna biye. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin gini ya ga leburori sun yi layi suna miƙa bulo hannu da hannu ya san sirrin: bulon farko yana daɗewa kafin ya kai sama, amma daga nan kowane motsi bulo ɗaya ne ke isa. Haka ɗigo ke shiga ta nan, wani ya fita ta can a kowane bugu. A megahaz 100, ɗigo miliyan 100 ne a daƙiƙa, launi guda ya ƙare cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai.

Wurin da na fi jin daɗinsa shi ne ajiyar layuka. Idan kowane ɗigo sai an je babbar ma'adanar allon da ke wajen cif ɗin an ɗebo masa maƙwabta 25, aikin ya mutu tun kafin a fara. Sai muka riƙe layuka huɗu na baya a ƙananan ma'adanan da ke cikin cif ɗin, kowane layi ya ci guda shida, huɗun suka ci 24. Da zarar sabon ɗigo ya iso, maƙwabtansa na sama suna nan suna jira. Kowane ɗigo sau ɗaya tak ake karanta shi daga waje. Ranar da hoton farko ya fito, gefen ruwan Ajiwa ya bayyana a allon laftof da ɗan zoben kore kewaye da shi, na daɗe ina kallonsa.

Daga nan ɗalibin ya ce tunda na'urorin ninkawa 220 ne, mu yi kwafi takwas, ɗigo takwas a bugu guda. Na ce ya ɗauko biro mu lissafa tukuna. Ɗigo ɗaya bit 16 ne, wato bait biyu. Takwas a kowane bugu na nufin gigabait 1.6 a daƙiƙa wajen shiga, wani 1.6 wajen fita. Babbar ma'adanar allon, mai megabait 512, iyakarta a takarda kusan gigabait 2.1 ne, kuma ARM ma a nan take ci. Kwafi huɗu sun riga sun kusa cinye hanyar. Ko mun gina takwas ɗin, rabin lokaci za su yi zaune suna jiran abin yi. Wannan darasi ya fi komai zauna mini: a aiki irin namu, kafin ƙofofin lantarki su ƙare, hanyar kawo musu bayanai ta riga ta cushe.

Maganin da muka samu shi ne mu daina yawo da hoton. Maimakon a tace a mayar ma'adana, a sake ɗaukowa a auna kore a mayar, sai muka haɗa matakan a jere a cikin cif ɗin. Launuka biyu su shiga tare, a tace su, a raba bambancinsu da jimillarsu, a yanke hukunci ko kore ne, abin da zai fita bait ɗaya ne kacal. Mun kuma bar tsarin rubuta lambobi da alamar desimal ke matsawa gaba da baya, muka koma wanda alamar ke tsaye wuri guda, domin sun fi arha nesa ba kusa ba a wurin da suke ci. Amma sai da muka gwada sakamakon da na laftof ɗigo bayan ɗigo kafin hankalina ya kwanta.

Akwai wata iyakar kuma, wadda Gene Amdahl ya bayyana tun 1967. Idan kashi ɗaya bisa huɗu na aikinka ba ya rabuwa, ko ka mayar da sauran kamar ƙiftawar ido, ba za ka wuce ninki huɗu ba. A wurinmu wannan ɓangare shi ne kwance hoton, domin Sentinel-2 a matse yake zuwa cikin tsarin JPEG 2000. Da tacewa ta yi sauri, sai kwancewar ta zama ita ce aikin. Yanzu laftof ke kwancewa, ta yanka hoton gunduwa-gunduwa, tana aika wa allon wata yayin da yake aiki a kan ta baya.

Ba na so wani ya ɗauka FPGA ta fi komai. Katin GPU mai kyau, wato katin sarrafa hoto na kwamfuta, zai lashe wannan aiki cikin sauƙi, kuma rubuta masa manhaja ya fi sauri ƙwarai. A nan kuwa, ko da ka rubuta da yaren kwamfuta na C++ ta hanyar Vitis HLS, manhajar da ke mayar da shi tsarin ƙofofi, dole ka yi tunani irin na mai haɗa waya, kuma canjin layi ɗaya na iya sa Vivado, manhajar da ke shimfiɗa tsarin a kan cif, ta ɗauki lokaci mai tsawo tana sake shimfiɗa tsarin, laftof tana huci a zafin Afrilu. In wuta ta ɗauke batir ya mutu a tsakiya, sai dai a faro daga tushe. Amma allon kansa wat kaɗan yake ci, ƙaramin batirin sola yana riƙe shi yini guda. Manya ma sun bi wannan hanya: a 2014 Microsoft ta ba da rahoton sa FPGA a manyan kwamfutocin sabar 1,632 don hanzarta Bing, injin bincikenta na intanet, kuma batun wuta na cikin dalilansu.

A halin yanzu ɗalibin yana ƙoƙarin ƙara wani mataki a layin, wanda zai ware gajimare da hazon hunturu kafin a auna kore, domin hotunan Disamba da Janairu su ne muka fi bukata, su ne kuma ƙura ta fi ɓatawa. Ƙananan ma'adanan da suka rage sun ishe shi. In ya kammala, za mu juya kan gonakin da ke gefen Daura.