Abin da nake tambaya kafin in yi wa faifan ajiya fomat

Gyaran kwamfuta nake yi, ni da yara biyu, amma rabin aikinmu yanzu ya koma haɗa wa mutane kwafin ko-ta-kwana na fayilolinsu. Mutum zai shigo da sabon faifai a kwali ya ce, "Malam, wane fomat ya fi?" Fomat shi ne tsarin da faifai ke bi wajen jera fayiloli a cikinsa. Ni kuma sai in mayar masa da tambaya: ranar da kwamfutarka ta mutu, a jikin wace na'ura za ka jona faifan nan? Da amsarsa nake aiki.

In gidan duk Windows ne, NTFS nake sawa ba tare da dogon tunani ba. Tun 1993 ake amfani da shi, kuma yana da wani hali da nake so: kafin ya taɓa tsarin fayiloli sai ya rubuta abin da zai yi a wani ɗan kundi nasa. In wuta ta ɗauke ana cikin aiki, galibi yakan lallaɓa ya gyara kansa. Aibinsa shi ne Mac, wato kwamfutar kamfanin Apple, tana karanta shi amma ba ta rubutu a kai sai an ƙara mata wata manhaja. Mai Mac zalla kuwa APFS ne nasa, wanda Apple ta fito da shi a 2017.

Rigimar tana gidan da aka gauraya, maigida da Windows, 'yarsa da MacBook. Nan kowa ke rugawa ga exFAT, don duka biyun suna karantawa suna rubutawa. Ni ma da haka nake yi, har ranar da wata Hajiya ta dawo min da faifan da na haɗa mata da hannuna. Jikanta ne ya fizge wayar da ke haɗa faifan da kwamfuta ana tsakiyar kwafi. Shi exFAT ba shi da wancan kundin, sai babban fayil ɗin hotunanta ya ƙi buɗuwa, alhali ta riga ta goge na kan kwamfutar don samun wuri. Kwana biyu na yi ina tono. Yawancin hotunan sun dawo, amma babu sunaye babu tsari, lambobi kawai jere a allo. Ta zauna a kujerar shago tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Wannan na yaushe ne ma?" Laifin rabi nawa ne. Tun daga ranar, exFAT a wurina faifan jigila ne tsakanin na'urori. Gidan da ke da Windows da Mac, kowacce na'ura faifanta daban nake ba da shawara.

FAT32 ba ya buƙatar dogon bayani. Ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, shi ya sa filas mai sarari fal ke ƙin ɗaukar dogon bidiyo, mai shi ya zo yana rantsuwa jabu aka sayar masa. Amfaninsa ya rage ga tsofaffin talabijin da rediyon mota.

Fomat ɗin ma shi ne ƙaramin aiki. Masu ɗan hali suna son akwatin nan mai faifai biyu da ake kira RAID 1, wanda duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya bayyana a ɗayan. Yana da kyau in faifai guda ya mutu. Amma in ka goge fayil bisa kuskure, a take ya goge a duka biyun, kuma bairos mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa ba ya barin abin da ya tarar a jone. Tsarin da nake bi shi ne wanda ake ce wa 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen gidan, ko a ma'ajiyar intanet ko a hannun ɗan'uwa. Faifan na biyu a jona shi lokacin kwafi kawai, a cire.

Na ajiya a aljihun tebur, na fi son faifai mai juyawa, muddin ba za a yar da shi ƙasa ba. SSD, wato faifan da babu abin da ke juyawa a cikinsa, ya fi sauri da jure girgiza, sai dai ba a so a bar shi shekaru babu wuta.

Kafin kowa ya bar shagon, sai na sa shi ya zaɓi fayil guda ya dawo da shi daga faifan da hannunsa, ni ina tsaye ba na taɓa komai. Wasu su ce, "Haba Malam, ai na yarda da kai." In ce a dai danna. In hoton ya buɗe, yaro ya manna farar takarda a bayan faifan, ya rubuta fomat ɗinsa da kwanan watan kwafin ƙarshe.