Giyar babur ɗina ta maƙale, saura ƙiris a sauke min inji a banza

Har yanzu idan na tuna kuɗin da na zuba a kan filet ɗin kuloci raina ɓaci yake yi, domin kulocin lafiyarsa lau. Babur ɗin Honda CBR600RR ne na 2007, tokumbo, mai giya shida: ɗaya ƙasa, biyar sama, firi a tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Da farko nauyi kawai ƙafar giyar take yi. Daga baya idan na taka ta sai ta zauna a ƙasa, sai na sa bayan takalmi na ɗago ta. Ranar da ta ƙi gaba ɗaya, a giya ta biyu na lallaɓa na iso gida.

Bakaniken da na kai wa ko durƙusawa bai yi ba. Ya ja kuloci, ya taka giyar da ƙarfi, ya ce: "Alhaji, kulocinka ne ya ƙare." Aka yi odar filet da gasket daga Legas, aka zubar da baƙin mai mai kyau, aka ɗaure, giya tana nan yadda take. Sai ya ce ai cokulan giya na ciki ne suka lanƙwashe, dole a sauke inji a raba shi biyu. Na san hannunsa ya saba da Boxer da Jincheng, waɗanda ƙafar giyarsu kai tsaye take a kan shaf, wato ƙarfen da ke fitowa daga inji yana canza giya. Amma wanda zai karɓi kuɗin mutum ya kamata ya duba abin da ke gabansa tukuna. Na ce a ɗora min abina a mota.

A CBR ƙafar giya ba ta taɓa shaf. A jikin matakin ƙafa take juyawa a kan bol guda, sanda siririya mai ƙwallo a kowane baki ita ke kai motsin sama zuwa wani ɗan hannu da ya kama haƙoran shaf ɗin. Ke nan akwai wurare da dama da za su iya cijewa a waje. Na ɗaga tayar baya, na zare bol ɗin ɗan hannun gaba ɗaya, don sassauta shi kawai ba ya isa, a cikin wani rami na shaf ɗin yake kwance. Na raba ƙafar da injin.

Na naɗe shaf ɗin da tsumma, na kama shi da filaya, ina juya tayar baya da ɗaya hannun, saboda haƙoran giya ba sa shiga juna idan komai a tsaye yake. Ƙas, ta ɗaya. Ƙas, firi. Har ta shida, kuma duk sakin da na yi shaf ɗin ya dawo tsakiya da kansa, alamar sifirin ɗin ciki bai karye ba. Ita kuwa ƙafar giyar, ga ta a sake ba a haɗe da komai ba, sai da na sa hannu biyu ta motsa. Da na kwance bol ɗinta, man sarka da ƙurar hunturu sun haɗu sun daskare kamar kwalta, ga tsatsa ja ta zagaye shi. Wannan shi ne duk ciwon da aka sa ni sayen kuloci a kansa.

Na jiƙa su a kananzir, na goge bol ɗin da samfefa mai laushi har ya yi haske, na cusa giris a ramin da kuma ƙarƙashin robobin ƙwallayen. Wajen mayarwa a kula: akwai ɗigo a bakin shaf, shi ake daidaitawa da tsagar ɗan hannun, idan aka kauce da haƙori ɗaya tsayin ƙafar ya canza. Noti ɗaya na sandar kuma zarensa na hagu ne, wanda bai sani ba zai yi ta ɗaure shi yana zaton kwancewa yake.

Ko da ciwon a ciki yake, ba a fara da raba inji. A wannan babur sifirin ɗin da ke dawo da shaf da tauraron da ke riƙe kowace giya suna bayan kuloci ne, ta marfin dama ake isa gare su, injin yana kan firam ɗinsa. Bakaniken ya buɗe wannan marfin da hannunsa lokacin da yake canza filet, ya rufe, bai ko yi maganarsu ba. Wannan ya fi kuɗin ci min rai.

Tsofaffin filet ɗin na auna kaurinsu, duk suna cikin ma'aunin da littafin gyaran babur ɗin ya yarda da shi, don haka na ajiye su. Yanzu duk lokacin da na shafa wa sarka mai, sai na goge wurin bol ɗin nan, idan hunturu ya shigo kuma na kwance shi na sabunta giris.