Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yi wa fosta kuɗi

Makon jiya mun tsaya a zamana na shagon firam a Jos, wajen Taminus. Abin da ya fi jawo gardama a sana'ar nan shi ne mutum ya shigo da hoton bango na gado, ya ce a faɗa masa nawa zai yi. Abin ya ƙaru bayan Fabrairun 2018, da aka yi gwanjon Tutu, zanen shahararren mai zanen Najeriya Ben Enwonwu, a Landan kan fam miliyan 1.2. Kwafinsa ya daɗe a rataye a falukan Najeriya, sai masu shi suka shiga lissafin dokin Rano.

Kafin a yi maganar kuɗi, a cire hoton daga firam, a ɗora masa gilashin ƙara girma mai ninki 10. Idan aka ga ƙananan ɗige-ɗige a jere, shuɗi, ja, ruwan ɗorawa da baƙi, to aikin injin ɗab'i ne. Zanen hannu yana da tudun fenti da sawun buroshi, ana ganinsu idan aka haska tocila ta gefe. Sa hannun mai zanen ma a duba shi. Wanda aka buga tare da hoton, shi ma ɗige-ɗige ne. Wanda ke ƙara daraja shi ne na fensir a farin gefen ƙasa, tare da lamba irin 12/100, wato na 12 cikin kwafi 100.

Sai launi. Rana takan fara cin ja da ruwan ɗorawa, shi ya sa tsohuwar fosta ke komawa shuɗi-shuɗi. A kwatanta tsakiyar da bakin da firam ya rufe, nan ne asalin launin ya ɓuya. Wannan ba ya gyaruwa.

Bayan takardar ya fi gabanta faɗin gaskiya. Daminar Jos tana da tsawo, bango yana shan ruwa, danshi ya bar ɗigo masu ruwan ƙasa, takarda ta yi ƙundu-ƙundu, wani lokaci ta manne da gilashi. Idan ta manne, kada a ja, fuskar hoton za ta biyo gilashin. Salatef yana barin tabo mai maiƙo. Wadda aka shafe da gam aka liƙa a filawud, ko aka datse gefenta don ta shiga firam, ta rasa sunan maɗaba'a da shekarar bugu, mai saye kuwa su yake nema.

Yawanci dai amsar ba ta yi wa mai kaya daɗi. Maigidana a shagon yakan ce, "Alhaji, a yi haƙuri, firam ɗin ya fi hoton kuɗi." Sai a auna katako da gilashi a yi musu farashin kasuwa, fostar a ƙara mata ɗan abin da ya samu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga yankan gilashi.