Kaset marar suna

Lokacin da nake sanin makamar aiki a wata tashar talabijin, abu na farko da aka ɗora mini shi ne share wani ɗaki cike da tsofaffin kaset-kaset na bidiyo. Aka ce mai rubutu in jera shi, marar rubutu kuma in zuba a buhu. Na cika buhu biyu sai dattijon da ke riƙe da makullin ya leƙo.

"Ɗan nan, ka kalle su kafin ka yanke musu hukunci?"

Na ce, "Baba, ai ba su da suna."

Ya ce, "Kai ma sai da ka kwana bakwai aka raɗa maka."

Dariya na yi a ranar. Sai daga baya, da nake karatun tarihin fim don kundin kammala makaranta, maganar ta dawo mini. Har zuwa wajen 1950, ana ɗaukar fim ne a kan zaren naitiret, wani sinadari wanda in ya kama wuta ko ruwa ba ya kashe shi. Gobarar rumbun kamfanin finafinai na Fox a 1937 ta lashe mafi yawan finafinansa na zamanin da ba murya. Amma wuta ba ita kaɗai ke da laifi ba. Da murya ta shigo, masu kamfanonin da kansu suka riƙa lalata tsofaffin don su ciro azurfar da ke jikin zaren, ko don kawai a samu wurin ajiya. Binciken Laburaren Majalisar Amurka na 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa murya sun ɓace kwata-kwata.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Dawson, wani garin masu haƙar zinariya a can arewacin Kanada. Nan ne ƙarshen hanya. Fim kan iso bayan ya gama zagaya ko'ina, masu shi kuma ba sa son biyan kuɗin mayar da shi. Haka finafinan suka taru har suka zama kaya. A 1929 aka kwashe su aka cike ramin wani tsohon wurin ninkaya, aka rufe da ƙasa. A 1978 motar haƙa ta tono su, naɗi 533 na zaren fim, daskararriyar ƙasar yankin ta adana su kusan shekara hamsin. Waɗansu babu kwafinsu ko'ina a duniya. Wato shara aka yi da su, sharar ce kuma ta cece su, alhali na cikin rumbu sun ƙone.

Mu nan ba mu da ƙanƙara. Zafi da ƙura da danshin damina muke da su, kuma zaren kaset ba ya jure ko ɗaya. In na tuna finafinan Hausa na farkon shekarun 1990 duk a irin wannan kaset aka fitar da su, gabana kan faɗi.

A buhunan nan biyu, ɗaya kawai na samu na zazzage a ranar. Yawanci tallace-tallace ne da labaran da aka maimaita, amma a ciki akwai hawan sallah na wata shekara da ba wanda ya iya tunawa, sai Baba da ya gane wani mahayi da rawaninsa. Ɗaya buhun kuwa, kafin in dawo washegari masu shara sun riga ni.