Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shekarar da Ƙanwata Ta Fi Ni Tsawo

Makon jiya na tsaya a kan famfon Desferal, wanda ake soka mini allurarsa a fatar ciki da dare, ya yi ta tura magani awa 8 zuwa 12 ina barci. Desferal shi ne maganin da ke fitar da ƙarfen da ke taruwa a jikina saboda ƙarin jinin da ake yi mini kan talasimiya, ciwon ƙarancin jini na gado. Akwai abin da na ɓoye muku. Tun ina shekara 10 na iya zare allurar da zarar Umma ta ja ƙofa, in cusa bakinta cikin tawul. Da asuba sirinji ya ƙare, kowa ya ɗauka magani ya shiga jiki. Fitsarina ya daina yin jan nan da maganin ke sa shi, amma wa zai tsaya duba fitsarin yarinyar da ta yi wayo?

Ina shekara 14 ƙanwata ta fi ni tsawo, ita da na ba shekara biyu. Ranar da ta fara al'ada, Umma ta miƙa mata audugar mata, sannan ta juyo ta dube ni, ba ta ce komai ba. Ni kuwa ƙirjina na nan kamar na 'yar firamare.

Likitar da aka tura mu wurinta ta sa aka ɗauki hoton ƙashin hannuna na hagu. Ta ce ƙashin na nuna shekarun da ba su kai nawa ba. Awon feritin, mai nuna yawan ƙarfen da ya taru a jiki, da ake so ya zauna ƙasa da 1000, ya ninka haka sau da yawa.

"Hajiya, duk ledar jinin da ake ƙara wa mai talasimiya tana ɗauke da ƙarfe kusan miligiram 200," in ji ta. "Jiki kuma ba ya fitar da fiye da ɗaya ko biyu a rana. Sauran sai ya kwanta a hanta, a zuciya, da ƙullayen da ke sarrafa homon, sinadaran da ke ba jiki umarni."

Ta zana ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ta ce shi ke ba jiki umarnin balaga, kuma ba ya jure ƙarfe. In ya lalace, da wuya ya dawo. Mace in ta kai 13 nono bai fara fitowa ba, ko namiji 14 babu alama, nan ake fara zargi.

Ƙullin homon na maƙogwarona, da shi ma aka duba, lafiya lau. Gwajin suga, da aka ba ni ruwa mai ɗan karen zaƙi aka ɗebi jini bayan awa 2, ya fito a kan gaɓa. Aka rubuta mini estrojin, homon da ke kawo wa mace balaga, kaɗan, za a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Umma ta ce, "Likita, wallahi ko dare ɗaya ba na fashin sa mata famfon nan."

Likitar ta ajiye biro, ta ce Umma ta ɗan ba mu wuri.

Mu haɗu mako mai zuwa.