Zuwa ga masu mota a gida: kaurin baƙin mai ba shi ne ƙarfinsa ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa,

Ina gaishe ku daga nan ƙasar sanyi, da fatan kowa yana lafiya. Wata magana ce nake yawan ji daga gida, wai tunda muna da zafin rana, kowace mota sai a ɗura mata mai kauri irin 20W-50. Maganar tana damuna, domin injinan mutane take ci a hankali.

Ku ɗauki galan ku duba, a ce an rubuta 5W-30. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu cikin sanyi: 5W ana gwada shi a digiri 30 ƙasa da sifili, 0W kuma a 35 ƙasa da sifili. Wannan mu ya fi shafa, mu da ke tada mota da asuba ƙanƙara ta lulluɓe gilashi. Lamba ta biyu ita ce ta kowa: kaurin man a digiri 100, wato wajen zafin da yake aiki a cikin inji. Inji kuwa idan ya ɗau zafi, lagireto da tamostat ke riƙe ruwansa wajen digiri 90, a Kanada yake ko a Sahara, muddin ba a cire tamostat ɗin ba. Kada ku yarda a cire shi.

Injinan zamani hanyoyin mansu ƙanana ne ƙwarai, kuma na'urar VVT da ke sarrafa buɗewar bawul da matsin man take aiki. Shi ya sa Toyota da Honda suke rubuta 0W-20 ko wanda bai kai shi kauri ba a yawancin sababbin motocinsu, Camry mai silinda huɗu ta 2018 ma 0W-16 take sha. Ka zuba wa irin wannan 20W-50, man zai yi nawa kafin ya kai saman inji, ka ji ƙara da safe, motar kuma ta riƙa shan fetur da yawa. Tsohon inji da aka ƙera don mai kauri, a ba shi abinsa. Wani littafin motar ma yana da jadawalin da ya yarda a ƙara kauri kaɗan a wurin zafi. To, wannan maƙerin motar ne ya faɗa.

Sannan ku juya galan ɗin. Akwai haruffa irin API SP, matakin da ya fito a 2020, wanda aka tsara don ya kare ƙananan injina masu turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) daga fashewar fetur kafin lokaci, abin da ke iya fasa fistin. Motocin Jamus suna da nasu sharaɗin, kamar MB 229.5 na Marsandi ko VW 504 00 na Volkswagen. Galan biyu na iya zama 5W-30, ɗaya ya dace da motarka, ɗayan bai dace ba.

Man sintetik ya fi jure zafi, ba ya saurin zama ƙullin baƙin laka. Amma ƙura da tsayuwa cikin cunkoso suna gajiyar da shi, don haka ku bi gajeren wa'adin juye da littafin ya tanada wa aiki mai wahala, a canja filta tare. Don gudun jabun mai, ku tsaya a ɓalle hatimin galan a gabanku. Idan littafin ya ɓata, sau da yawa lambar tana rubuce a murfin da ake zuba man.

A gaida iyali.

Ɗan'uwanku a ƙetare