Faɗin gilashin gaba a madubin saiti: abin da milimita 50 ta jawo mini a fadamar Argungu

Maganar da masu sayar da madubin saiti, wato madubin da ake ɗaurawa a kan bindiga don auna abin harbi, suka fi riƙewa ita ce babban gilashi ya fi jawo haske. Ba ƙarya ba ce, domin gilashin gaba mai faɗin milimita 50 ya fi mai 40 fili da fiye da rabi, amma akwai sauran bayanin da ba sa yi wa mai saye, kuma wannan sauran ne ya ci mini kuɗi tare da yawancin farautar rani guda.

Bindigar iska nake riƙewa, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, kuma aikinta bai wuce kurciya da hasbiya da suke sauka a masussukar shinkafa ba, sai fakara jefi-jefi a bakin gona. Da yake tsuntsayen sun fi sauka da sassafe da kuma dab da magariba, na gaya wa mai shagon cewa haske nake nema. Ya ajiye mai lamba 4x32 gefe, wato mai kusanto da abu sau 4 da gilashin gaba milimita 32, ya ɗauko wani dogo mai lamba 6-24x50, wato kusantowa daga sau 6 zuwa 24 da gilashin gaba milimita 50, ya ce, "Alhaji, wannan ko da duhu za ka ga idon tsuntsu." A cikin shago, ƙarƙashin fitila, hoton ya fito garau.

Matsalar farko ta bayyana tun wajen ɗaurawa. Bakin madubin ya yi faɗin da ya zauna a kan ƙaramin saitin ƙarfe na bindigar, sai da aka kwance saitin, duk da haka gajerun ƙafafun da ake ɗaure madubi da su ba su ɗauke shi ba, aka koma neman dogaye. Waɗannan dogayen ƙafafu su ne tushen duk abin da ya biyo baya. Da madubin ya tashi sama, kuncina ya daina zama a kan katakon gindin bindiga. Haɓata kaɗai ke taɓa shi, kaina yana lilo, ina neman hoton kamar mai leƙen rijiya da dare. Wanda kansa bai zauna wuri guda ba harbinsa ba zai taru wuri guda ba, komai tsadar gilashin da ke gabansa.

Na biyu, tazarar da ke tsakanin layin ido da bututu ta ƙaru. Ga mai harbin nesa wannan ba wani abu ba ne, amma ni mafi yawan harbina tsakanin mita 10 ne da 30. Idan na daidaita saiti a mita 25, kurciyar da ta sauka kusa sai ƙwayar dalma ta bi ta ƙarƙashinta ta tayar da ƙaiƙayi, ta tashi da sauran garken. Na zargi dalma na sauya iri, na zargi iskar hunturu, ban kawo ƙafafun a raina ba sai da na kafa kwali a mita 10 na ga ramukan sun jeru ƙasa da inda na auna da kusan faɗin yatsu biyu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hasken da aka sayar mini da madubin dominsa ma ban same shi ba. Lissafin mai sauƙi ne: a raba faɗin gilashin gaba da yawan kusantowa, abin da ya fito shi ne faɗin ɗigon hasken da ke isa ido. Wanda ya riƙe madubi nesa da fuskarsa ya fuskanci sama zai ga ɗigon a gilashin baya. Milimita 50 a kusantowa 24 tana ba da ɗigo mai kusan milimita 2, shi ya sa da rana ta sunkuya hoton ke dusashewa. Shi kuwa ƙaramin da aka ajiye mini gefe, 32 a raba da 4, milimita 8 yake bayarwa. Ƙwayar idon saurayi a duhu ba ta buɗewa fiye da milimita 7 ko kusa da haka, ta wanda ya manyanta irina kuwa tana tsayawa wajen 5, da rana tsaka kuma 2 zuwa 3 ne. Duk hasken da ya wuce faɗin ƙwayar ido a banza yake zuba. Babban gilashi yana da gurbinsa: maharban Jamus sun daɗe da amfani da 8x56 wajen dakon aladun daji a farin wata, suna zaune a kan dakali mai tsawo, bindiga a jingine. Wannan ba aikin mai yawo a kunyar shinkafa ba ne. Faɗin gilashin gaba kuma ba ya ƙara faɗin filin da ake gani, kusantowa da ƙirar gilashin baya ne ke yanke wannan, kuma shafen da aka yi wa gilashin ya fi faɗinsa tasiri a kan tsabtar hoto.

Sai nauyi. Bindigar iska mai sifirin tana bugu gida biyu, baya sannan gaba, kuma gwargwadon nauyin madubi gwargwadon yadda yake zamewa a kan layin da aka ɗaure shi. Kullum sai na ƙara ɗaure kusoshi, kullum saiti ya gudu, daga ƙarshe giciyen aunawa da ke cikin madubin ya karkace, domin ba a ƙera madubin don irin wannan bugu ba. Mai shagon bai tambaye ni irin bindigar da nake da ita ba, kuma da na mayar masa cewa ya yi kaya sun riga sun fita.

Yanzu 4x32 nake amfani da shi, wanda aka rubuta a kwalinsa cewa na bindigar iska ne, a kan gajerun ƙafafu masu ƙusar tokarewa. Kunci ya koma mazauninsa, ina ɗaga bindiga hoton na jirana. Wanda yake son kusantowa mai sauyawa, 3-9x40 ya ishe shi, musamman mai zoben daidaita nisa a gaba wanda ke saukowa zuwa mita 10, tun da yawancin madubin manyan bindigogi an tsayar da su ne a yadi 100. Kafin biyan kuɗi, a tafi da bindigar ko a auna tsayin da bakin madubin zai buƙata, a rufe ido a kafa kunci, a buɗe a gani ko hoton na nan.

Akwai kuma abin da ya shafi halin da yankinmu ke ciki. Dogon madubi mai faɗin baki yana mayar da bindigar kurciya ta yi kama da ta yaƙi, kuma gilashinsa yana walƙiya daga nesa. A shingen bincike guda a hanyar Birnin Kebbi na daɗe ina bayani, da takarduna a hannu, kafin jami'in ya karya bututun da kansa ya ga ramin dalma ya sallame ni. Tun daga ranar a cikin jaka nake ɗaukarta, kuma ba na shiga fadamar wani gari sai na sanar da mai unguwa da shugaban maharban wurin.